Mizanin Cutarwa a Shari'a da Abin da Mai Juna Biyu Za Ta Ƙaurace wa: Nazari a kan Karkarar Arewacin Kano

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi abubuwan ci da sha da ɗabi'un da ake hana mai juna biyu a ƙauyukan arewacin Kano, da waɗanda ake sakar mata, ta auna su da mizanin fiƙihu, musamman na mazhabar Imam Malik. Ta nuna cewa abin da Shari'a ta rataya hani a kansa shi ne cutarwar da ta tabbata ta hanyar lura da shaidar masana, kuma al'ada a wurare da dama ta hana abin da ke gina jiki, ta kawar da kai daga abin da ke illata uwa da ɗan tayi. Daga ƙarshe ta bayyana waɗanda nauyin gyara ya hau kansu.

1.0 Gabatarwa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Ƙasar da ta tashi daga Ungogo da Dawakin Tofa ta bi ta Bichi da Minjibir har Dambatta da Makoɗa da Kunci tana cikin yankunan karkara mafi cunkoson jama'a a Afirka ta Yamma. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazari a kanta tun shekarun 1960, ya bayyana yadda ake noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, ana raya ta da takin awaki da tumakin da ake kiwo a cikin gida. Gero da dawa da wake da gyaɗa su ne abincin yankin, kuma kusan duk sarrafa su yana hannun mata a tsakar gida: sussuka da surfe da daka da ɓarar gyaɗa da suyar ƙuliƙuli. A cikin wannan aiki mace take ɗaukar ciki, a cikinsa take rainonsa har ta sauka.

Lamarin kuwa babba ne. Binciken lafiya na ƙasa na shekarar 2018 ya gano cewa kimanin kashi 61 cikin 100 na masu juna biyu a Nijeriya suna da ƙarancin jini, kuma ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya na shekarar 2020 ya nuna cewa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suka rasu sanadiyyar ciki da haihuwa a duniya 'yan Nijeriya ne. Abinci da abin sha sashe ɗaya ne kawai na dalilan haka, sai dai su ne sashen da ke hannun mutanen gida. Saboda haka ya dace ɗalibin fiƙihu ya san abin da zai amsa idan aka tambaye shi a kansu.

2.0 Matsayin ɗan tayi a fiƙihu

Malaman usulu irin su Imam Gazali da Imam Shaɗibi sun lissafa tsare rai da tsare zuriya cikin larurori biyar da Shari'a ta zo domin kiyaye su. Ɗan tayi ya shiga cikin biyun gaba ɗaya, kuma hukunce-hukuncen da aka gina dominsa sun nuna haka. Suratuɗ Ɗalaƙ, aya ta 6, ta wajabta ciyar da matar da aka saki tana da ciki har ta haihu. Imam Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya jinkirta haddi a kan matar Gamid har ta haihu ta kuma yaye ɗanta. A ƙissar matan Huzail guda biyu, wadda ta zo a Muwaɗɗa da Bukhari da Muslim, ya hukunta biyan gurra a kan ɗan tayin da aka yi sanadin zubewarsa, kuma a mazhabar Malikiyya ƙimarta ushirin diyyar uwa ce, wato dinari hamsin ko dirhami ɗari shida. Fatawar da aka dogara da ita a mazhabar ita ce hana fitar da abin da mahaifa ta riƙe ko da bai kai kwana arba'in ba.

Masu sharhin Mukhtasar na Shaihu Halil sun zurfafa har suka yi magana a kan ƙamshin abinci. Sun ce idan mai ciki ta ji ƙamshin girkin maƙwabta, ta ji tsoron ɓari idan ba ta ci ba, wajibi ne ta nema. In ta yi shiru har cikin ya zube, gurra tana kanta saboda sakacinta, in kuwa ta nema aka hana ta, lamunin ya koma kan waɗanda suka hana. Likitancin yau ba ya ganin ƙamshi a matsayin sanadin ɓari, amma ƙa'idar da ke ƙarƙashin mas'alar ba ta gushe ba: abin da ke shiga cikin mai ciki, da abin da aka hana ta, al'amari ne mai lamuni a Shari'a, kuma lamunin yana iya hawa kan uwa ko kan wanda ke kewaye da ita.

3.0 Yadda ake tabbatar da cutarwa

Hadisin hana cuta da cutarwa, wanda Imam Malik da Ibn Majah suka ruwaito, Imam Nawawi kuma ya sanya shi na 32 a Arba'una, shi ne tushen babin. Tambayar da ta rage ita ce: da me ake sanin abu yana cutarwa? Amsa mafi bayyana tana cikin hadisin Judama 'yar Wahab da ya zo a Muwaɗɗa da Sahihu Muslim. Larabawa sun kasance suna ganin cewa saduwa da mai shayarwa tana illata jinjiri. Annabi (SAW) ya faɗi cewa ya yi niyyar hana hakan, sai ya lura Rumawa da Farisawa suna yi kuma bai cutar da 'ya'yansu ba, sai ya fasa hanawa.

Darussa uku ne a cikin wannan. Na farko, yaɗuwar zato a tsakanin jama'a ba ta isa ta zama dalilin hani ba. Na biyu, a sha'anin lafiyar jiki ana komawa ga abin da aka lura da shi a cikin mutane masu yawa. Na uku, ana karɓar wannan lura ko daga wace al'umma ta fito. Abin da masu binciken likitanci suke yi a yau, na bin dubban masu ciki su gwada sakamakon waɗanda suka yi abu da waɗanda ba su yi ba, faɗaɗa wannan hanya ce. Malaman Daular Usmaniyya ma haka suka ɗauki ilimin jiki: Shaihu Abdullahi ɗan Fodiyo ya haɗa maslahar addini da ta jiki a littafinsa Masalihul Insan, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma ya wallafa littattafai da dama a kan magani.

4.0 Abin da al'ada ta hana ba da hujja ba

A gidaje da yawa ana hana mai ciki ƙwai. Ana hana ta rake da zuma da sauran kayan zaƙi don gudun abin da ake kira zaƙi, wanda ake jin yana tare hanyar haihuwa. Ana cewa naman raƙumi yana jinkirta naƙuda. Mafi haɗari cikinsu shi ne shawarar ta rage ci a watannin ƙarshe don kada ɗa ya yi girma ya ba ta wuya.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke da nassi, babu kuma wanda lura ta tabbatar. Dafaffen ƙwai yana cikin abinci mafi arha da ke gina jikin uwa da ɗan tayi, kuma a damina ƙwan zabi yana cika gidajen yankin, sai a kai shi bakin titi a sayar, mai cikin da ke gidan ba ta ɗanɗana ba. Rage sukari yana da wuri ga wadda awo ya nuna sukarin jininta ya hau, amma wannan hukuncin asibiti ne a kan mace ɗaya, ba doka ce ta dukan mata ba. Rage ci kuwa ba ya faɗaɗa ƙugu. Abin da yake jawowa shi ne jariri mai ƙarancin nauyi da uwa mai ƙarancin jini, wadda zubar jini kaɗan wajen haihuwa kan iya kai ta ga halaka.

Ta fuskar Shari'a, Suratun Nahli, aya ta 116, ta yi kashedi a kan halattawa da haramtawa da ƙarya, Suratul A'araf, aya ta 157, kuma ta siffanta Annabi (SAW) da halatta daɗaɗan abubuwa da haramta munana. Wadda ta hana surukarta ƙwai ba ta nufin ƙago hukunci. Tausayi ne da abin da ta gada. Duk da haka, al'ada ana yin hukunci da ita ne matuƙar ba ta ci karo da nassi ba kuma ba ta jawo cuta ba. Idan ta hana wa mai buƙata halal mai amfani, ta fita daga al'adar da fiƙihu ke girmamawa.

5.0 Abin da al'ada ta saki alhali akwai cuta

5.1 Magunguna da jiƙe-jiƙe

Gaɓoɓin ɗan tayi suna ƙulluwa ne a cikin makonni takwas na farko, hanyar laka da ƙwaƙwalwa kuma tana rufewa kusan kwana 28 bayan shigar ciki. Wannan shi ne lokacin da mace, musamman mai cikin fari, take ɓoye cikinta saboda kunya, kuma lokacin ne laulayi ke tura ta ga maganin zazzaɓi da na ciwon jiki daga kemis ko daga mai tallar magani a faranti. Duniya ta koyi haɗarin wannan da tsada: maganin talidomayid, wanda aka fara sayarwa a Jamus a 1957 har masu ciki suka riƙa shan sa don tashin zuciya, ya sa an haifi jarirai fiye da 10,000 da naƙasar hannu da ƙafa kafin a janye shi a 1961. Daga cikin abin da ake samu a kasuwannin ƙauye a yau, kafson tetirasaikilin yana taɓa ƙashi da haƙoran ɗan tayi, magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da dikilofenak kuma suna da haɗari ga ƙodarsa da zuciyarsa a watannin ƙarshe.

Haka lamarin jiƙe-jiƙe yake, musamman maganin zaƙi da ake ɗurawa mai ciki idan wata ya kusa. Kasancewar abu saiwa ko sassaƙe ba ya kore ƙarfinsa, kuma ba a san adadin abin da ke cikin kowane kofi ba. Wanda ke tsananta naƙuda kafin bakin mahaifa ya buɗe yana iya yaga mahaifar. Fuƙaha'un Malikiyya sun bambanta tsakanin wadda ta sha maganin da aka san yana zubar da ciki, wadda gurra ke hawa kanta, da wadda ta sha abin da ba a san shi da haka ba. Ma'anar wannan ita ce uzurin rashin sani yana ƙarewa ranar da sani ya iso.

5.2 Kanwa

Kanwa gishiri ce mai yawan sinadarin sodiyom, wanda ke riƙe ruwa a jiki ya ɗaga hawan jini. A shekarun 1970 likitoci Davidson da Parry a Zariya sun bayyana yawan ciwon zuciya da ke kama mata bayan haihuwa, suka danganta shi da kunun kanwa da tsananin zafin jego. Binciken baya-bayan nan da Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero ya jagoranta ya fi karkata ga wasu dalilai, irin su rashin abinci mai gina jiki da ƙarancin sinadarin seleniyom da hawan jinin ciki. Adalcin ilimi ya hukunta a faɗi wannan saɓani yadda yake. Sai dai mai cikin da ƙafafunta da fuskarta suka kumbura, ko jininta ya hau, yawan kanwa da gishiri da dunƙulen ɗanɗano yana iya zama ƙari a kan ciwonta, kuma wannan hawan jinin shi ne ƙofar jijjigar haihuwa.

5.3 Farar ƙasa da dalma

Kwaɗayin cin farar ƙasa ko ƙasar bango sananne ne ga masu ciki, kuma sau da yawa yana tafiya tare da ƙarancin jini. Shaihu Halil ya kawo zance biyu a kan cin ƙasa, karhanci da haramci, wasu masu sharhinsa kuma suka yi rangwame ga mai cikin da ke kwaɗayinta tana jin tsoro ga abin da ke cikinta. Illar rangwamen ita ce kare ɗan tayi. To yanzu gwaji ya nuna cewa irin wannan ƙasa tana iya ɗaukar dalma da ƙwan tsutsar ciki, tana kuma hana hanji tsotsar sinadarin ƙarfe da jini ke buƙata. Dalma tana ratsa mabiyiya ta isa ƙwaƙwalwar ɗan tayi, kuma mutuwar ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ta nuna wa Arewa ƙarfin wannan guba. Tunda hukunci yana zagayawa tare da illarsa, dalilin da ya sa aka yi rangwame jiya shi ne yake sa a hana yau. Magani shi ne a auna jininta a ba ta maganin ƙarin jini.

5.4 Abin da ke cikin rumbu da madafa

Gyaɗa da masarar da aka adana da danshi suna yin fumfuna mai fitar da gubar afalatoksin. An gano ta ne a Ingila, bayan talotalo fiye da 100,000 sun mutu a 1960 daga cin tunkuzar gyaɗa da aka shigo da ita daga Burazil. Suya da dafuwa ba sa kawar da ita, tana illata hanta, kuma binciken da aka yi a Gambiya ya danganta shigarta jikin mai ciki da tsumburewar jariri. A gidan manomi gyaɗa mai kyau takan tafi kasuwa, ƙwarƙwarar da mai ɗaci su rage don miya da ƙuliƙuli. Wannan tsari ya kamata a juya shi, aƙalla a gidan da ke da mai ciki.

Madarar da ba a tafasa ba kafin a yi nono da ita tana iya ɗaukar ƙwayoyin cutar da ke sa ɓari a dabba su kuma kama mutum. Maganin ƙwari da ake zubawa wake, da fiya-fiya da ake fesawa a ɗakin kwana, da jarkar maganin feshi da ake wankewa a mayar ta ta ruwan sha, duk hanyoyin guba ne. Hayaƙin kara da itace a rufaffiyar madafa yana cikin abubuwan da aka danganta da haihuwar jariri mai ƙarancin nauyi, kuma fitar da murhu fili ko buɗe taga ba ya cin kuɗi.

5.5 Goro da shayi da taba da kayan maye

Goro da shayi da kofi halal ne, sai dai suna ɗauke da kafeyin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci mai cikin da ke shan fiye da miligiram 300 a rana da ta rage, don gudun ɓari da ƙarancin nauyin jariri. Shan shayi a kan abinci kuma yana rage abin da jiki zai tsotsa na sinadarin ƙarfe. Taba, ta sha ce ko ta shaƙa ko shisha, tana rage iskar da ke isa ga ɗan tayi, kuma hayaƙin mai gida a cikin ɗaki yana yin wannan aiki ko da matar ba ta taɓa ta ba.

Giya ba ta buƙatar tsawaitawa ga Musulmi. Abin da ke buƙatar magana shi ne maganin tari mai kodin da ƙwayar tiramadol, waɗanda wasu ke ɗauka magani ne kawai. Gwamnatin Tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayu na 2018, binciken ƙasa na wannan shekara kuma ya nuna cewa ɗaya cikin kowane mutum huɗu masu shan ƙwaya mace ce. Imam Ƙarafi a littafinsa Alfuruƙ ya rarrabe tsakanin mai sa maye da mai gurɓata hankali da mai sa barci, kuma duk gwargwadon da ke taɓa hankali daga cikinsu haramun ne ba tare da larura ba. Ga mai ciki akwai haramci na biyu, domin jaririn kan fito jikinsa ya riga ya saba da ƙwayar.

6.0 Azumi

Hadisin Anas ɗan Malik Alka'abi da ma'abota Sunan suka ruwaito ya tabbatar da sauƙin azumi ga mai ciki da mai shayarwa. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda kusan kowane ɗalibi a Kano ya karanta a zaure, ta faɗi cewa mai cikin da ta ji tsoro ga abin da ke cikinta za ta sha azumi, kuma mashahurin zance shi ne ta rama ba tare da ciyarwa ba. Idan tsoron ya kai ga halaka ko cuta mai tsanani, shan azumin ya zama wajibi. Mai lafiya da ke samun isasshen sahur tana iya azumtar watanta, amma mai ƙarancin jini ko hawan jini, ko wadda ta ji motsin ɗanta ya ragu, a yinin bazara mai tsananin zafi, dagewarta ba ƙarin tsoron Allah ba ne. Kunyar kishiya ko ta uwar miji ba ta cikin abubuwan da ke soke rangwamen Ubangiji.

7.0 Waɗanda nauyi ya hau kansu

Matar ƙauye ba ita ke zuwa kasuwa ba, ba ita ke buɗe rumbu ba, kuma ba ta fita asibiti sai da izini. Don haka duk nasihar da aka yi mata ita kaɗai ta tsaya a rabin hanya. Ciyarwa a fiƙihu ana ƙaddara ta ne da halin miji da buƙatar mata, buƙatar mai ciki kuwa ta fi ta waninta. Mafi yawan abin da take buƙata yana cikin gidan: wake da gyaɗa mai kyau da ƙwai da zogale da rama da tafasasshiyar madara. Sauran yana asibitin sha-ka-tafi: Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci zuwa awo sau takwas, da shan maganin ƙarin jini da folik asid kullum, da maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro aƙalla sau uku bayan watanni ukun farko, da kwana cikin gidan sauro. Mijin da ya hana awo bayan ya san wannan ya shiga cikin hanin Suratul Baƙara, aya ta 233, na cutar da uwa ta dalilin ɗanta.

Uwar miji da ungozoma su ne masu faɗa a ji a ɗakin mai ciki, kuma hanyar isa gare su ita ce makarantun Islamiyya na matan aure. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Nurul Albab ya zargi malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, Nana Asma'u kuma ta aika jajis ƙauyuka su karantar da mata a gidajensu. Limamin da ke raɗa sunan kowane jariri a unguwa ya fi kowa sanin gidajen da haihuwa ta zo da makoki, kuma maganarsa a wajen suna da ɗaurin aure tana isa kunnen mazan da ma'aikacin lafiya ba zai taɓa gani ba.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa ɗan tayi yana da alfarma da haƙƙi tun shigarsa mahaifa, kuma hanin da ya shafi abincin uwarsa ana gina shi ne a kan cutarwar da ta tabbata, kamar yadda hadisin Judama ya koyar. Da wannan mizani, ƙwai da nama da ƙoshi halal ne da ake buƙata, jiƙon da ba a san ƙarfinsa ba da farar ƙasa da gyaɗa mai fumfuna da maganin da likita bai rubuta ba kuma abin ƙauracewa ne. Ya kamata sassan nazarin addini su sanya waɗannan mas'aloli cikin darasin babin abinci da na ciyarwa da na diyya, tare da gayyato likitocin mata su yi bayanin abin da ya tabbata a wurinsu, domin mai fatawa ya san haƙiƙanin abin da yake hukunci a kansa kafin ya yi hukunci. Allah ne Mafi sani.